An tayar da Kingda Ka da nakiya, ko sallama ba a bari an yi ba

Dan_Kofar_Soro:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da shan ruwa. Na san wasu za su ce ba ni da aikin yi, amma tun ranar Juma'a abin nan yake cina. Akwai wanda ya ga bidiyon rushe Kingda Ka? Ga waɗanda ba su san shi ba, wani jirgin lilo ne a filin wasa na Six Flags Great Adventure, jihar New Jersey ta Amurka. Tun da aka buɗe shi a 2005 har aka rushe shi babu irinsa da ya kai shi tsawo a duniya, ƙafa 456, wato mita 139. Ranar 28 ga Fabrairu 2025 da sassafe aka sa masa nakiya a gindi, ya karkata a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, sai ƙura ta turnuƙe.

Ni ban taɓa hawansa ba. Ban taɓa zuwa Amurka ba ma, iyakata Abuja. Amma na fi shekara goma ina kallonsa a YouTube, har na haddace inda yake murɗewa. Kullum ina ce wa kaina in da rai wata rana sai na hau.

Ba rushewar ce ta fi ƙona mini rai ba. Ranar 10 ga Nuwamba 2024 aka yi hawan ƙarshe, ba a gaya wa kowa cewa na ƙarshe ne ba, sai bayan kwana huɗu kamfanin ya fito ya ce shi ke nan, an rufe har abada. Ina tambaya: daidai ne a ɗauke abin da mutane suka saba da shi haka ba ko bankwana? Kuma dole ne in abu ya tsufa sai an rushe, ba a gyarawa?

SarkinZolaya:
Wa alaikumus salam. Yaya, yau ka leƙa 'Yar Kutungu ka ji kuɗin kwanon gero kuwa? Mutane na neman na kunun buɗa-baki, kai kana zaman makokin ƙarfen Amurka. Ka faɗa mana gidan da ake karɓar gaisuwa mu zo da tabarma.

Dan_Kofar_Soro:
Na san da kai za a fara. Kai da ka yi kwana uku ba ka yi wa kowa magana ba don ƙungiyar ƙwallonku ta sha kashi a Ingila, kai ma ka taɓa zuwa Ingilar?

SarkinZolaya:
To, an rama. Na yi shiru.

Yar_Kusugu:
Ni sunan ma ya tsaya mini a wuya. Jirgin lilo kuma? Lilo ai gaba da baya yake yi, wannan kuwa na ga kan dogo yake gudu. Ba mu da wani suna ne?

Auta_04:
rola kosta kowa ke cewa anti

Malamin_Fizis:
Ni a aji "jirgin gangara" nake ce wa ɗalibaina, kuma da dalili. Taragun nan ba su da inji ko kaɗan. Yawancinsu sarƙa ce ke jan su a hankali zuwa ƙololuwar tudun farko, daga nan a sake su, nauyinsu da gangara su ƙarasa aikin har a dawo tasha. Shi ya sa tudun farko ya fi duk na bayansa tsawo. Kingda Ka ya bambanta, shi ba a jan shi da sarƙa, harba shi ake yi daga ƙasa. Daga tsaye cak zuwa gudun kilomita 206 a awa cikin daƙiƙa uku da rabi.

Don ku gane: daga Katsina zuwa Daura kamar kilomita 80 ne. Da wannan gudun, minti 25 ba zai cika ba kun isa. Tsawon kuma, ku ɗora hasumiyar Gobarau tara a kan juna, in muka ɗauka ƙafa 50 da ake cewa tana da shi.

SarkinZolaya:
Malam a sa masa "jirgin amai" kawai kowa ya huta.

Yar_Kusugu:
Minti 25 zuwa Daura! Malam, da direbobin tashar nan sun ji ka da sun ce ai su ma suna iyawa.

Bakatsine_a_Amurka:
Salam. Bari in sa baki tunda ni Allah ya yi na hau, sau ɗaya, lokacin zafi na 2023. Abokan karatuna ne suka ja ni. Mun fi awa ɗaya a layi, kuma duk wanda ke layin yana ganin yadda ake harba na gabansa, saboda haka kafin a zo kanka ka riga ka mutu sau goma.

Ka zauna, a sauko maka da wani abin riƙe kafaɗa, ma'aikaci ya zo ya jijjiga ya tabbatar ya kama. Jirgin ya gangara kaɗan ya tsaya a kan miƙaƙƙen dogo. Sai shiru. Wallahi wannan shirun ya fi komai. Kana jin wani huci daga ƙasa, kana hango hasumiyar can gaba kore shar, ta tokare sama. Na karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Da aka sake mu, ihun da na shirya yi bai fito ba, iska ta mayar mini da shi ciki. Kumatuna kamar ana jan su ta baya. Kafin in ankara muna kallon sama tsaye, sannan muka ɗan yi jinkiri a ƙoli kamar jirgin yana shawara, sai muka sulmiyo muna murɗewa. Wanda ke gefena ya ce in sama ta yi garau ana hango dogayen gine-ginen New York daga can. Ni dai idona a rufe yake, ba zan yi shaidar zur ba.

Duka-duka bai kai minti ɗaya ba. Kirarin nan namu na "kunya gare ku ba dai tsoro ba", ranar na gane ban da ni aka yi shi.

Dan_Kofar_Soro:
Kai ƙanena, ka gama da ni. Gani ya kori ji. Ka sake komawa?

Bakatsine_a_Amurka:
Ban koma ba Yaya, kuma laifina ne. Na yi ta cewa sai hutu mai zuwa. Amma in gyara maka abu ɗaya: ba wai babu wanda ya ji ƙishin-ƙishin ba. Makonni kafin a rufe, raɗe-raɗi ya cika intanet, masu son abin da yawa suka yi tururuwa a ƙarshen makon nan don ko da gaske ne. Kamfanin ne dai bai ce uffan ba sai da aka gama. Wanda ya yarda da jita-jita ya samu hawan ƙarshe, wanda ya tsaya jiran sanarwa ya rasa. Wannan shi ya fi harzuƙa mutane a nan. Kuma ba shi kaɗai aka kwashe ba, har da Green Lantern, da Zumanjaro, wani lilon faɗowa da aka maƙala a jikin hasumiyar tun 2014.

Hajiya_UwarBiyu:
Ba shi ne aka ce ya kashe wata mata ba? In haka ne gara da aka rushe.

Injiniya_KT:
Hajiya ba shi ba ne. Wanda kike nufi ɗan'uwansa ne, Top Thrill Dragster, a filin Cedar Point da ke jihar Ohio. Kamfani ɗaya ya ƙera su, Intamin, wancan a 2003, wannan a 2005. A watan Agusta 2021 wani ƙarfe ya ɓalle daga jikin taragon na Ohio ya sami wata mata a ka tana tsaye a layi. Ba ta rasu ba, amma ta ji mummunan rauni. Daga ranar bai sake aiki a yadda yake ba.

Tunda an zo nan bari in amsa tambayar mai zaure ta biyu, ta gyara. Matsalar waɗannan biyun ba hasumiyar ba ce, abin harbawar ne. A ƙarshen dogon akwai wani ɗaki cike da famfuna. Suna tura man haidirolik cikin manyan tukwane masu ɗauke da iskar naitirojin, man ya matse iskar har ta kai maƙura. Lokacin harbi sai a buɗe bawul, man ya fito da ƙarfin tsiya ya juya injuna da yawa a lokaci guda, su kuma su juya wani ƙaton gangan da ke naɗe igiyar ƙarfe. Igiyar ce ke fizgar jirgin. Ku yi tunanin guga da wasaki a rijiya, amma gugar ta fi mota nauyi kuma ana fizgo ta cikin daƙiƙa uku da rabi, a sake, a sake, tun safe har dare.

Duk wanda ya taɓa kula da katafila ko tifa ya san halin haidirolik. Yau sil ya yage, gobe tiyo ya fashe, jibi mai ya yi zafi. Igiyar kanta tana cin jiki, dole a riƙa canza ta. Shi ya sa Kingda Ka ya yi suna wajen yawan tsayawa. A shekararsa ta farko ma sai da ya yi makonni a rufe, a 2009 kuma tsawa ta faɗa masa. Yanzu an koma harbawa da maganaɗisu da lantarki, babu igiya, babu abin da ke gogar wani.

Dan_Kofar_Soro:
To Injiniya ai ka kawo hujjata da kanka. Na Ohio ɗin ba rushe shi aka yi ba, cire haidirolik aka yi aka sa maganaɗisun, aka sake masa suna Top Thrill 2. Me ya hana a yi wa Kingda Ka haka?

Injiniya_KT:
Haka ne, kamfanin Zamperla na Italiya ya yi aikin. Amma ka ƙarasa labarin mana. An buɗe shi a watan Mayu 2024, 'yan kwanaki ya yi aka sake rufewa saboda matsala a taragun, kuma bai sake ɗaukar kowa ba har shekarar ta ƙare. A watan Yuli na 2024 ɗin kuma Cedar Fair, masu filin Ohio, suka haɗe da Six Flags suka zama kamfani ɗaya. Wato mutanen da gyaran farko ya ƙona wa hannu su ne aka ajiye wa takardar na biyu a kan tebur. In kai ne za ka sa hannu? Wannan fahimtata ce dai, ba wai sun faɗa da bakinsu ba.

MaiWalda_Kofar_Marusa:
Ni ba boko gare ni da yawa ba amma ƙarhe na sani. Ƙarhe yana gajiya kamar mutum. Ka ɗauki waya ka lanƙwasa ka miƙe, ka lanƙwasa ka miƙe, ba za ta kai sau talatin ba ta karye. Tsagewar kuma daga ciki take farawa, wajen walda, ido bai gani, fenti ya ruhe.

Shekarun baya ana saura kwana biyu Sallah aka kira ni wani wurin wasan yara, ba zan faɗi suna ko gari ba. Lilon nan mai kujeru da sarƙa da ke juyawa. Hannu ɗaya ya tsage wajen gindi. Na sa guduma na ƙwanƙwasa, sai ji na yi yana amsawa kamar fasasshen tulu. Na kankare fentin, ashe an taɓa like wurin har sau biyu, walda kan walda, tsatsa ta cinye ƙasan. Na ce wa mai wurin wanga hannu sai dai a yanke a sa sabo. Ya ce ba lokaci, in ɗan ɗiga mashi kawai ya wuce Sallah. Na naɗe wayata na hau mashin. Ya kira ni sau huɗu ban ɗauka ba. Ranar Sallah na bi ta wurin na hangi lilon yana juyawa cike da yara, wani ya yi masu aikin ke nan. Ban iya cin tuwon Sallah ba sai dare.

Saboda haka ni in Bature ya ce abu ya tsufa ya sa mashi nakiya, ban ga laihi ba. Mu nan sai ya faɗo da kanshi.

Hajiya_UwarBiyu:
Innalillahi. Malam mai walda ka sa jikina ya yi sanyi, ga Sallah na tafe kuma 'yan biyuna tun yanzu sun fara lissafi.

Malamin_Fizis:
Hajiya, kafin ki biya kuɗin tikiti ki tsaya ki kalli zagaye biyu ko uku. Ki saurari ƙarar, ki duba sarƙoƙi da ƙugiyoyi, ki ga ko mai kula da shi yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya yana duba maɗauri ko kuwa waya yake dannawa. In an cusa yara uku a kujerar mutum biyu, ki ja naki ku tafi shan askirim.

A manyan filayen waje, lokacin sanyi da suke rufewa, kwance taragun ake yi gaba ɗaya, a duba ƙarafan da na'ura mai gano tsagewar da ido ba ya gani. Kowane tarago kuma ƙafafu iri uku gare shi, na saman dogo, na gefe, da na ƙasa masu hana shi tashi. Kuɗin wannan kula shi ne ainihin kuɗin abin, ba na sayensa ba.

Baba_Dan_Fansho:
Yara, na karanta duka. Ni lilon da na sani shi ne igiyar rama a reshen tsamiya, in ta tsinke ka sha ƙasa ka tashi ka ƙulla. Amma ciwon da yaron nan na Ƙofar Soro yake faɗa na gane shi sarai, ku daina yi masa dariya.

Da idona na ga ganuwar garin nan da tsawonta, muna hawa muna hango gonaki. Ba rana ɗaya aka rushe ta ba. Wannan ya ɗebi ƙasa ya yi bulo, wancan ya ja katanga ya shigar da ita gidansa, damina ta ci nata rabon. Ƙofofin kuma da aka zo faɗaɗa hanyoyi aka mayar da su na siminti. Suna da kyau, ban ce ba su da kyau ba, mota biyu na wucewa. Amma ba su ne waɗanda na bi ta cikinsu riƙe da hannun mahaifina ba. Babu wanda ya ce mana ku zo ku yi kallon ƙarshe. Ko hoto ɗaya ban da shi.

Su can aƙalla sun san ranar da nasu ya faɗi, har da bidiyo.

Dan_Kofar_Soro:
Allah ya ƙara girma Baba. Abin da na kasa faɗa ke nan.

Yar_Kusugu:
Baba gaskiya ne, amma ni ina ganin akwai bambanci. Ganuwa da rijiyar Kusugu tarihin al'umma ne, ba na wani ba ne shi kaɗai. Wancan kuwa kayan kasuwa ne, kamfani ya sa kuɗinsa don ya ci riba. In mai shago ya ga firjinsa na shan wuta fiye da abin da yake kawowa, sai ya nemi izinin masu sayen ruwan sanyi kafin ya sayar?

Bakatsine_a_Amurka:
Anti ba izini ake cewa ya nema ba, sanarwa kawai. Kuma an saba yi. Filin Kings Island a Ohio suna da wani tsoho mai suna Vortex, tun 1987. Da za su cire shi a 2019 sai da suka faɗa tun saura kamar wata guda, mutane suka zo suka yi ta hawa suna ɗaukar hoto. Bayan an rushe ma aka yayyanka dogon ƙanana aka sayar wa masu so, suna ajiyewa a falo. Kamfanin ya samu kuɗi, mutane sun samu abin tunawa, ba wanda ya zagi wani. A nan kuma akwai masu sayen tikitin shekara guda tun kafin shekarar ta kama. Ka sayar wa mutum tikitin baɗi alhali ka san babban abin da zai kawo shi ba zai kai baɗin ba, ai ka ga dole ya ji an yi masa rufa-rufa.

SarkinZolaya:
Tsaya. Mutum ya sayi guntun ƙarfe ya ajiye a falo? Ku turo su Katsina, 'yan gwangwan na nan za su cika masu tirela.

Fatake_Dubai:
Ku kuna ta kukan na Amurka alhali abin ya dawo kusa da mu. Mai zaure ya ce Kingda Ka ya fi kowa tsawo, gaskiya ne, amma gudu tun 2010 aka ƙwace masa. Formula Rossa a Ferrari World na Abu Dabi yana kai kilomita 240 a awa, har tabarau ake ba ka saboda yashi da ƙwari. Na je da yarana wani zuwa sarin kaya, su suka hau, ni na riƙe jakunkuna, kuma ban ji kunya ba.

A shekarar nan ta 2025 kuma Saudiyya na gina wani a Ƙiddiya kusa da Riyad, Falcons Flight, wanda aka tsara zai kai kilomita 250 a awa, dogonsa ya haura kilomita huɗu, yana faɗowa daga kan dutse. Intamin ɗin nan ne dai ke ƙera shi, filin kuma sunan Six Flags zai ɗauka. Ni ina ganin shi ya sa suka rushe wancan, sun san kambun zai tafi, to me za a ci gaba da kashe wa kuɗi?

Injiniya_KT:
Alhaji wannan hasashe ne. Kuɗin Ƙiddiya na Saudiyya ne, ba aljihu ɗaya ba ne da na New Jersey. Amma akwai ƙamshin gaskiya a maganarka ta wani gefen. Abin da aka gina don a ce "ya fi kowa" ranar da wani ya fi shi ya rage daraja. An kashe dala miliyan 25 wajen gina Kingda Ka, kamfanin da kansa ya ce an hau shi fiye da sau miliyan 12. Ya biya bashinsa.

Ku lura kuma, tsufa a wannan harka ba yawan shekaru ba ne. Cyclone na Coney Island a New York na katako ne, tun 1927, yana nan yana aiki. Akwai wani a Luna Park na Melbourne a Ostireliya tun 1912, har yau mutum ne ke tsayawa a tsakiyar jirgin yana jan birki da hannu. Katako in ya ruɓe kafinta zai cire ya sa wani, kaɗan-kaɗan, har ya zamana babu katakon asali ko ɗaya amma abin na nan. Kamar tsohuwar fijo 504 ce da motocin yanzu masu kwamfuta. Fijo kowane bakanike a Ƙofar Ƙaura zai tayar maka da ita. Ta zamani in ƙwaƙwalwarta ta mutu sai ka jira kaya daga waje, in ma ana yin su har yanzu.

Malamin_Fizis:
Ƙari a kan na Injiniya, na ƙarfen ma ana sabunta su in ana so. Nemesis a Alton Towers na Ingila tun 1994 yake. Sun rufe shi a ƙarshen 2022, suka cire yawancin dogon suka sa sabo a kan tsarin da yake, suka buɗe a Maris 2024. Kuma sun sanar tun kafin su rufe. Saboda haka amsar tambayar "dole ne a rushe?" ita ce ba dole ba ne, lissafi ne.

Auta_04:
ni tambayata in jirgin bai kai sama ba fa? ya dawo da baya?

Bakatsine_a_Amurka:
Yana faruwa Auta, musamman in akwai iska ko sanyi. Sai ya sulalo da baya, birkin maganaɗisu da ke kan dogon ya tare shi, a sake harbawa. An gina shi da sanin haka. Abin mamaki, masu son abin addu'a suke yi ya faru da su, don sun samu hawa biyu a kuɗin ɗaya kuma sun samu labarin bayarwa.

Auta_04:
Allah ya kiyaye. ni da a sauke ni

Dan_Agaji_Daura:
'Yan'uwa, muna cikin wata mai alfarma. Da lokacin nan da muka ɓata a kan lilo mun karanta izu ɗaya da ya fi mana.

Mai_Unguwar_Zaure:
Mun gode da tunatarwa Malam, Allah ya ba da lada. Amma hira ce mai tsabta, har an ja hankalin iyaye kan lafiyar yara a wuraren wasa kafin Sallah. A ci gaba, a dai kiyaye harshe. SarkinZolaya, da kai nake.

Hajiya_UwarBiyu:
Ni maganar Baba ce ta tsaya mini. Muna yara akwai wani wurin wasa da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake kai mu washegarin hawan Sallah. Akwai dawakan nan na roba masu zagayawa suna hawa da sauka. Ni kullum akwai wanda nake nema, ruwan ɗorawa, kunnensa ɗaya a gutsure. In wata ta riga ni sai in tsaya in jira zagaye na gaba, ba na hawan wani. Babanmu yana tsaye bakin shinge da hularsa a hannu, duk zagayowa sai ya ɗaga mini ita.

Bara na ce bari in kai 'yan biyu su ga wurin. Na tarar da kwaɗo a ƙofa. Na leƙa ta ramin katanga, ciyawa ta kai ƙugu, awaki na kiwo, dawakan na nan a jere rana ta cinye fentinsu duk sun koma fari-fari. Na yi ta ƙoƙarin gane nawa ban iya ba daga nesa. Mai sayar da rake a wurin ya ce an fi shekara nawa ba a buɗe ba, shi ma bai san ranar da aka rufe ba. Yaran suna ta ja mini hijabi suna cewa Umma mu tafi, ba komai a nan.

To ni ban san wanne ya fi ba, a tayar da abu da nakiya kana kallo, ko a bar shi haka.

Yar_Kusugu:
Allah ya jiƙan Babanku, Hajiya. Na janye rabin maganata ta firji. Rabi dai.

SarkinZolaya:
Amin. Yau ba zolaya.

Dan_Kofar_Soro:
Amin ya Allah. Ni har yanzu ina kan bakana cewa sanarwar wata ɗaya ba za ta rage su da komai ba. Sun ce za su gina wani sabo a wurin, mai harbawa shi ma. Za mu gani. Sai dai ko ya fi shi tsawo ba shi na yi shekara goma ina kallo ba.

Injiniya_KT:
Kai ma da za ka ga takardar kuɗin gyaransa ta shekara ɗaya da ka taya su ɗaura nakiyar.

Dan_Kofar_Soro:
Wataƙila. Amma da na fara hawa tukuna.

MaiWalda_Kofar_Marusa:
Hajiya, dawakan nan in na roba ne mai zare-zare a ciki, ba su mutuwa, fenti kawai suke so. Abin da ke lalacewa shi ne bodin tsakiya da giya da moto. Ki turo mani kwatancen wurin ta akwatin sirri, bayan Sallah in leƙa in gani ko akwai mai gadi. Ba alkawari na yi ba. In ma masu wurin gwangwan za su kai su, gara a sayi ɗaya.

Hajiya_UwarBiyu:
Na tura, Malam. In ka samu shiga ka duba kunnen hagu.

Auta_04:
an kira magariba a unguwarmu, ku fa?